Tobermory ko Alpena: ina ya kamata ka fara nutso kan tsofaffin jiragen da suka nitse a Tafkin Huron?

Wani kanina da ya koyi nutso da tankin iska a Bahar Maliya lokacin yana karatu a Masar shine ya kirani kwanaki yake cewa yaya, na samu hutun sati daya a watan Agusta kuma kudina na tafiya daya ne kacal, Tobermory zan je ko Alpena? Na bashi amsa a waya amma bayan mun ajiye sai naga ban yi masa bayani yadda ya kamata ba, shi yasa na zauna na rubuta, kila wani ma ya amfana.

Wuraren nan biyu duk a Tafkin Huron suke, daya daga cikin manyan tafkuna biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada. In an ce tafki kar ka kawo dam din Tiga a ranka, Huron kadai ya kusa ninka jihar Kano sau uku a fadi, in kana tsakiyarsa ba ka hango gaba ta ko'ina, igiyar ruwansa kuma tana karya jirgin karfe. A guguwar watan Nuwamba na 1913 mutum sama da 250 suka mutu a tafkunan nan cikin 'yan kwanaki, kuma Huron ne ya fi cin jirage a wannan karon. Tobermory na bangaren Kanada, a can karshen zirin kasar Bruce da ya kutsa cikin tafkin a lardin Ontariyo, Alpena kuma na bangaren Amurka a jihar Mishigan. Kaga tun daga nan ma biza ta raba gardama ga wasu, don kasa biyu ce, wadda kake da izinin shiga ita zaka je. Maganata da wanda yake da zabi ne.

Abin da yasa mutane ke barin teku mai dumi su zo su shiga wannan ruwan sanyi shine katako. A teku akwai wata tsutsa mai cin katako, jirgin katako in ya nitse shekaru kadan sai ka tarar saura karafa da duwatsu. A ruwan dadi babu ita, ga sanyi, ga babu gishiri, sai ka sauka ka tarar da jirgin da aka kera tun kafin a haifi kakan kakanka yana zaune da allunansa da kusoshinsa. Wannan duka wuraren biyu suna da shi. Inda suka bambanta shine yadda zaka kai ga jirgin da kuma irin gwanintar da yake nema a wajenka.

Bari in fara da Tobermory don nan na fara. Kauye ne karami, daga Toronto tafiyar kusan awa hudu a mota, kuma ruwan da ke kewaye da shi gandun gwamnati ne mai suna Fathom Five wanda aka kafa a 1987, shine irinsa na farko a Kanada, da jirage sama da 20 a ciki. Dole ne kafin ka shiga ruwa kaje ofishin gandun kayi rajista ka biya a baka 'yar alama da zaka makala a kayanka, kar ka tsallake wannan. Jirgin da kowa ya sani shine Sweepstakes, kila ma ka taba ganin hotonsa daga sama ba ka san sunansa ba, jirgin katako mai tafiya da iska da aka kera a 1867, ya bugu kusa da tsibirin Cove a 1885 yana dauke da kwal, aka janyo shi zuwa mashigar Big Tub don a gyara amma ya nitse kafin a kai ga gyaran. Tsawonsa mita 36, zurfin wajen kuma mita 6 ne kawai. Ranar da na fara sauka kansa wallahi ban motsa ba na kusan minti biyu, rana na ratsa ruwan tana zana layi-layi a kan allunan, ga katon abin nade igiyar anka a gaban jirgin yana nan inda masu shi suka barshi, har zanen jikin katakon kana gani. An toshe hanyar shiga cikinsa saboda kumfar numfashin masu nutso tana taruwa a karkashin allunan tana lalata su, don haka ta waje zaka zagaya, kuma akwai lokutan da aka ware wa masu nutso tunda jiragen 'yan yawon bude ido masu gilashi a kasa suna wucewa ta kansa. Dab da shi akwai ragowar City of Grand Rapids da ya kone a 1907, sai ka hada biyun a shiga daya.

Toh abin da yasa nake son Tobermory ga sabon shiga ba Sweepstakes bane kadai, shine yadda wajen yake kamar matakala. Akwai wajen da ake kira The Tugs, kananan jiragen ja guda hudu da suka nitse a bakin gari, ba ka bukatar kwale-kwale, daga gaba zaka sa kaya ka taka ka shiga, nan ne ya kamata ka gwada nauyin darmar da zaka daura don ka nitse da kuma rigarka a ranar farko. Daga nan sai W.L. Wetmore da guguwa ta farfasa a tsibirin Russel a watan Nuwamba na 1901, zurfin kamar mita 7, ga katuwar tukunyar tururinsa da anka da sarka a baje. Kusa da shi akwai James C. King, daya daga cikin jiragen da Wetmore ke ja a daren, shi kuma a gangare yake kwance, ka fara daga wajen mita 7 kana bin jikinsa yana kara zurfi har kusan mita 30, inda zurfin da satifiket dinka na nutso ya yarje maka ya tsaya nan zaka juya. Sai Niagara II wanda da gangan aka nitsar da shi a 1999 don masu nutso, waje da iyakar gandun, na karfe ne kuma an yanke masa kofofi, shine wajen koyon shiga cikin jirgi tare da malami. Kaga a sati daya zaka iya hawa mataki-mataki ba tare da ka yi tsalle ba.

Sai Arabia. Wannan ina so in dan tsaya a kansa saboda shine ke jan mutane kuma shine ke cutar da su. An kera shi a Kingston a 1853, ya nitse kusa da tsibirin Echo a watan Oktoba na 1884 da lodin masara, ana ma ba da labarin cewa masunta sun dade suna ganin masara a cikin kifin da suke kamawa a wajen kafin a gano inda yake. Yana kwance a fiye da mita 30, gabansa yana tsaye kyam da ankocinsa a rataye, duk wanda ya gani zai gaya maka babu kamarsa a Tobermory. Amma akwai duhu, akwai sanyi mai shiga kashi, wani lokacin da jan ruwa, kuma masu nutso sun mutu a kansa ba daya ba ba biyu ba. Wanda yake da satifiket na farko iyakarsa mita 18 ce, na biyu mita 30, kuma ko kana da takardar in duk nutsonka a ruwan dumi kayi shi to ba ka shirya wa Arabia ba. Haka Forest City da ya daki tsibirin Bear's Rump cikin hazo a 1904, bayansa ya gangara har wajen mita 46. Na fada wa kanina kai tsaye, wadannan biyun ba na wannan zuwan bane.

Yanzu Alpena. Gari ne na mutum kamar dubu goma, daga Ditroit shima tafiyar wajen awa hudu ce, kuma gandun ruwansa sunansa Thunder Bay. A kula, akwai wani birni mai suna Thunder Bay a Kanada a bakin Tafkin Superior, ba shi bane, kar ka yanki tikitin can. An kafa gandun a shekarar 2000, a 2014 aka fadada shi daga murabba'in mil 448 zuwa 4,300, hukumar NOAA ta gwamnatin tarayya da jihar Mishigan ke kula da shi tare. An gano jirage kusan 100 a ciki kuma ana kiyasin wadanda suka halaka a yankin sun kai 200, saboda nan ne hanyar jiragen da ke hawa da sauka ke matsewa, ga hazo ga duwatsu a karkashin ruwa, jirage suna ta karo da juna. Ta fuskar yawa da bambancin iri Tobermory ba ta kama kafar Alpena ba, wannan gaskiya ce. Zaka samu jirgin tururi mai katuwar kafa mai juyawa a gefe irin New Orleans da ya halaka a 1849 a ruwa mara zurfi, ka samu na katako mai iska, ka samu katon na karfe irin Nordmeer na Jamus da ya hau kan dutse a 1966 da lodin karfe, tarihin sufurin tafkin na shekara sama da 100 a jere. Gandun kuma yana daura balan-balan na daure kwale-kwale a kan jirage da yawa don kar a jefa anka a fasa su, kuma babu rajista irin ta Tobermory.

Na marasa zurfi akwai Monohansett da ya kone a 1907, kasa da mita 6, farfelarsa da tukunyarsa suna nan fes. Na tsakiya akwai Montana, shima gobara ce ta cinye shi a 1914, wajen mita 20, injinsa yana tsaye kamar bene kifaye na zagaya shi. Sai Grecian na karfe mai tsawon mita 90 wanda ya nitse a 1906 ana cikin jan sa zuwa Ditroit gyara, da E.B. Allen da ya nitse a 1871, su biyun a wajen mita 30. Duk wadannan suna da kyau kuma mai satifiket na biyu zai more su. Amma abin da ke sa sunan Alpena ya zaga duniya yana can kasa da mita 40, inda nutson nishadi ya kare aka shiga na kwararru masu tanki biyu da hadin iska na musamman da tsayawa mataki-mataki kafin a fito. Cornelia B. Windiate ta tashi daga Milwaukee da ke bakin Tafkin Mishigan da alkama a karshen 1875 ta bace, mutane suka dauka a Tafkin Mishigan ta nitse, sai bayan fiye da shekara 100 aka ganta a Huron a zurfin mita 55, turakunta a tsaye, karamin kwale-kwalen ceto na ajiye a gefenta, ma'aikatanta kuwa babu ko daya. Pewabic kuma ya yi karo da jirgin Meteor a watan Agusta na 1865 da lodin jan karfe da fasinjoji, mutane da dama suka mutu, bayan haka ma wasu masu nutso suka rasa ransu wajen neman dauko jan karfen, yana wajen mita 50. Toh in hotunan wadannan ne suka ja ka Alpena alhali takardarka ta mita 18 ce, zaka je ka dawo ba ka gansu ba, kuma babu mai kwale-kwalen kirki da zai yarda ya kaika.

Akwai wani bambancin da ba a cika fada ba, iska. Jiragen Tobermory yawancinsu a tsakanin tsibirai suke kusa da gari, in iska ta taso ta wannan gefen direban kwale-kwale sai ya zagaya da ku bayan wani tsibirin, da wuya ka rasa ranar gaba daya, in ma ta baci ga The Tugs nan a bakin gaba. A Alpena jirage masu kyau da yawa suna can fili nesa da gaba, tafiyar ta fi tsawo, in tafkin ya tashi sai a soke fita. Na taba yin kwana hudu a can kwana biyu muna zaune a masauki muna kallon tutoci na kadawa, ba laifin kowa bane, haka tafkin yake. Abin da ya rage mana zafi shine gidan tarihin gandun da ke cikin gari, shiga kyauta, an gina kwatankwacin jirgin katako a ciki ka hau ka ji yadda guguwa take. Ga mai sati daya da kudin tafiya daya, wannan lissafin ba karami bane. A daya bangaren Tobermory a Yuli da Agusta cike take makil, masauki yana karewa tun da wuri kuma da tsada, wajen ajiye mota ma wahala, a Sweepstakes kuna layi ne da wasu. Alpena babu wannan cunkoson, sau da yawa ku kadai ne a kan jirgin, kuma kwana ya fi sauki.

Maganar sanyi kuwa duka biyun daya ne, kuma shine abin da nafi jin tsoro ga duk wanda ya koyi nutso a Masar ko Zanzibar. A Agusta saman ruwan yana iya kaiwa digiri 18 zuwa 20, ka ji dadi, kana sauka sai ka ratsa wani layi da kana iya ganinsa da ido kamar ruwan yana rawa, kasansa digiri 4 zuwa 6 ne ko da rani. Goshinka ne zai fara sara, sai lebe ya mutu, sai yatsu su ki lankwasuwa ka kasa danna madannin rigarka da kyau, iskarka kuma tana karewa da sauri fiye da yadda ka saba. Rigar roba mai kaurin milimita 7 da hula da safar hannu zata rike ka a marasa zurfi, amma kasan layin nan rigar da ruwa baya shiga ake bukata, ita kuma sai an koya, don iskar da ke cikinta in ta taru a kafafu tana iya juya ka ta harba ka sama. Regileta ma, wato abin da kake shakar iskar tanki ta cikinsa, sai ta ruwan sanyi, wadda ba ita ba tana iya daskarewa ta bude tana zubar da iska ba tsayawa. Sannan ruwan dadi baya daga mutum kamar na gishiri amma rigar mai kauri tana dagawa, saboda haka nauyin darmar da ka saba daurawa a teku ka manta da shi, sabon gwaji zaka yi. A wannan fannin ma Tobermory ta dan fi, shagunan haya da malamai suna nan a jere a bakin tasha, kuma garin yana da dakin matsin iska na jinyar wanda ya taso da sauri. Ko ina ka je dai ka bar akalla awa 18, gara ma 24, tsakanin nutsonka na karshe da hawa jirgin sama.

Wani abu da zai iya baka mamaki, wasu kananan halittu masu bawo kamar makankari da jiragen kasashen waje suka shigo da su cikin ruwan da suke dauka don daidaita nauyi, a karshen shekarun 1980. Sun tace ruwan ya kara haske sosai, amma sun lullube jirage da yawa a Huron, sunan jirgi da sassakar katako duk sun rufe, nauyinsu kuma yana kara lalata katakon, bawonsu yana yanka hannu. Wanda yake son katako tsirara sai Tafkin Superior, wajen tsibirin Isle Royale inda jiragen America da ya nitse a 1928 da Emperor da ya nitse a 1947 suke, amma can ya fi nisa ya fi sanyi kuma taimako baya kusa, ba wajen farawa bane. Kuma tunda nasan za'a tambaya, Edmund Fitzgerald da ya nitse ranar 10 ga Nuwamba 1975 da mutum 29 yana zurfin mita 160 a ruwan Kanada, doka ta hana zuwa kansa sai da lasisi, ka cire shi a lissafi.

Dauko wani abu daga jikin jirgi laifi ne a kasashen biyu, ko kusa daya ce. Ni a wajena ma ya wuce maganar doka, wasu jiragen nan kaburbura ne, mutanen da suka fita neman abincin iyalinsu ne basu dawo ba. Ironton da aka sanar da gano shi a 2023 a gandun Alpena ya nitse a 1894 bayan karo da jirgin Ohio, kwale-kwalen ceton yana nan daure da jirgin har yau don basu samu sun kwance igiyar ba, mutum biyar cikin bakwai suka tafi. Ni dai in na sauka kan irin wadannan ina rike hannuna a kirji, bana taba komai.

Abinci kuma, duka garuruwan kanana ne, kar ka sa ran samun naman halal a saukake, ka yi sayayya a Toronto, ko a Dearborn in ta Ditroit ka biyo, sauran kuma farin kifin tafkin ya isheka, suna soya shi da kyau a duka bangarorin.

Abin da na ce wa kanina shine ya tafi Tobermory. Ranar farko The Tugs da malami da rigar haya, ya daidaita nauyinsa, rana ta biyu Sweepstakes da Wetmore, in jikinsa ya karbi sanyin sai saman James C. King, in ya samu ya yi kwas din rigar da ruwa baya shiga a cikin satin to ya ci riba biyu. Wanda kuma ya riga ya yi nutso ashirin ko talatin a ruwan sanyi, yana da takardar mita 30 da rigarsa ta kansa, kuma zai iya ware kwana shida don ko iska ta cinye biyu, shi Alpena ce tasa, Montana da Grecian da E.B. Allen kadai sun isa tafiyar. Mai iyali da yara da basa nutso, duka biyun suna da jirgi mai gilashi a kasa, amma Tobermory ta fi abin yi a kan tudu, ga tsibirin Flowerpot ga katon jirgin fito Chi-Cheemaun mai zuwa tsibirin Manitoulin. Kanin nawa ya riga ya kama daki na sati na biyu na Agusta, yanzu safar hannu mai yatsa uku muke nema masa don ta fi mai yatsa biyar rike dumi.